Dutsen Farko Ba Nata Ba Ne

Kwana tara ke nan ina ɗauke da wata magana a ƙirjina, ko abinci ba ya wuce mini. Ban yi karatu mai zurfi ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Ƙanƙara muke sayarwa, firji uku ne a ɗakin gaba. Shekara goma sha ɗaya janareta ke riƙe da su. Kullum da magariba maigida zai shiga ɗan ɗakin injin ya zuba dizal, ya duba baƙin mai, ni kuma ina bayansa riƙe da tocila. Cikin wannan ƙara da hayaƙi muke hirarmu, bakinsa a kunnena. Ba mu da wata hirar sai ita.

Sai Auta, 'yarmu, ta dawo daga makaranta da shawara: a ɗora farantan sola a rufi, rana ta cika batura, janareta ya riƙa tashi kawai idan sun yi ƙasa. Aka yi. Dizal ɗin mako ya koma kai mu wata, tarin maigida ya tafi. Amma magariba ta koma tasu. Uba da 'ya su hau tsani da tsumma, suna goge farantai suna dariya. Ni ina ƙasa.

Wata magariba, bayan sun sauko, gidan ya yi tsit, irin shirun da ban saba da shi ba. Sai jifa. Dutse ya sauka a kan faranti ya tsaga kusurwarsa. Washegari uku suka sauka. Aka leƙa titi, ba kowa. Rana ta huɗu janareta ya tashi da kansa alhali batura cike suke. Muka tarar da Auta zaune a gefensa, ta manna kumatunta da ƙarfen mai zafi, idanunta a buɗe amma ba ta ganinmu.

Maigida ya ɗauko malami mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Ya zauna a bakin ƙofa yana karatu a hankali. Can sai wata murya ta fito daga bakin Auta, ta tsohuwa, a dusashe.

"Dakata, Malam, kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ta ɗauke mini ubanta. Shekara goma sha ɗaya ina kwance bayan injin nan ina jin ɗumi. Kullum ya zo ya shafa shi, ya saurari lafiyarsa. Yanzu gilashi yake shafawa. Gilashin da ko tari ba ya yi."

Maigida ya ce, "Baiwar Allah, ni ban ma san kina nan ba."

"Ai shi ne abin haushin."

Ta ce a sauke farantan. Malam ya ce rana ba tata ba ce balle ta hana mutane. Aka daɗe ana ja. Ƙarshe ta yarda za ta saki Auta in za a riƙa tayar da injin rabin awa duk mako, abin da dama mai haɗa solar ya ce a yi don kada ya lalace da zama.

Kafin ta fita, idanun Auta suka juyo kaina.

"Amma a yi mini adalci. Dutsen da ya fasa gilashin ba nawa ba ne. Gani na yi an fara, na ce ashe ba ni kaɗai ba ce."

Auta ta yi atishawa, ta sulale, ta farka tana tambayar me ya tara mu. Malam ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai.

Ni ce. Ranar sun wuce ni suna dariya, tocila na hannuna, ba wanda ya neme ta. Na ɗauki dutsen da muke tare ƙofa da shi.

Yanzu maigida ya ɗora wa maƙwabcinmu laifin, ya daina amsa gaisuwarsa. Kullum da safe ina shafa wa Auta magani a ƙunar kumatunta, tana cewa, "Mama, wa ya tsane mu haka?"

Gobe ne ranar tayar da injin. Ɗazu maigida ya ce, "Maman yara, ki zo da tocilarki." Wata huɗu ina jiran kalmar nan. In na yi shiru, hirarmu ta dawo. In na kai bakina kunnensa na faɗa, ban san ko zai sake kirana ba.

'Yan'uwa, in faɗa masa?