Shafin da Rakiya Ta Ɓoye

"Gidan su Rakiya kuma?"

Mairama ta tare ƙofar zaure, idonta ya kaɗa ya yi ja. Lurwanu, mai kai ruwa gidajen unguwar Misfala a Makka, wanda aka sa musu ranar aure shi da ita bayan Hajji, ya sauke garwarsa a hankali.

"Shafi ɗaya zan karɓo, ya ruhi..."

"Jiya ma ɗaya ne!"

Duk wannan rigima a kan takarda ce. Mahaifin Rakiya yakan ƙunshe dabino da tsofaffin mujallun Masar, a ciki Lurwanu ya tsinci tarihin bayin da suka yi wa Rumawan dā tawaye. Bayan la'asar yake karanta wa maza a gindin bango, mata na saurare daga saman soro. Unguwa ta kamu: yadda sojojin Rum suka ritsa bayi a kan dutse, bayin suka tufka igiya da rassan inabi, suka sauko ta baya suka tarwatsa rundunar. Rakiya, da yake ba ta da ta ido, ta kwashe sauran shafukan ta ɓoye, tana ba shi ɗaya-ɗaya kamar magani.

Kishi ya hana Mairama cin abinci. Ana haka labari ya iso mata: su Rakiya za su koma Kano, mahaifinta ya yi wa Lurwanu tayin wuri a jirgin Jidda, har da 'yarsa.

Baban Mairama ya ce, "Baƙo ne, gida zai koma. Halas, shi ke nan, na fasa ba shi 'yata!"

Ta haye soro tana kuka, ta iske Rakiya can tana murmushi.

"Shafin ƙarshe sai a cikin jirgi, Mairama."

Kamar ta shaƙe ta!

Daga ƙasa muryar Lurwanu ta taso. Bayi sun karya runduna biyu, hanyar ƙasashensu ta buɗe, ba mai tare su. Sai suka juyo.

Dattijo Dawuda ya ce, "Suka juyo? Don me, yaro?"

"Nan shafin ya ƙare, Baba." Lurwanu ya ɗaga kai wajen soro. "Nasu dalilin ban sani ba. Ni dai shekara tara ina mafarkin Kano, yau hanya ta buɗe, kuma ba inda za ni. Akwai wadda ba zan iya bari ba."

Ya ninke takardar, ya miƙa wa mahaifin Rakiya. Baban Mairama ya sunkuyar da kai, ya ce ranar aure na nan yadda aka sa.

Jirgi ya tashi da Rakiya da shafin ƙarshe. Ranar da aka kai ta ɗakinsa, Mairama ta harare shi.

"Kana tunanin ƙarshen yaƙin nan, ko?"

"Kullum..."

"Sai ka yi ta tunani, masoyi. Ko Rakiya ta aiko da shi, a murhu zai ƙare!"