Marin Bayan Sallah

Wata Laraba bayan la'asar Soumaya ta shiga shagon Tawfiq da ke bakin titin Zongo a nan Lome, riƙe da leda. Tawfiq gyaran waya yake yi, yana kuma gyara na'urorin wasan nan da ake haɗawa da talabijin. Ta zaro abin da ta kawo ta ajiye a kan tebur. Manet ce, wato abin da ake riƙewa da hannu biyu ana latsawa, 'yan ƙwallon cikin talabijin suna gudu. Gefenta ɗaya ya tsage.

Ya juya ta, ya duba, sannan ya ɗago kai. Da ya ɗago kuwa sai da ya manta abin da zai ce.

"Ta ƙaninki ce?"

"Tawa ce," ta ce. "Yayana Hashim ne ya bar mini da zai tafi Kotono aiki."

"Faɗuwa ta yi?"

"Jefar da ita aka yi. Za ta gyaru ko in yi gaba?"

Ya gyara ta a gabanta, ya liƙe tsagar da gam. Da ya gama ya ce ba ya ba da aiki sai an gwada, ya kunna ƙwallo, ya miƙa mata tata ya ɗauki tasa. Har ya ce zai sassauta mata.

Huɗu da nema ta ci shi.

Tawfiq ya dubi talabijin, ya dubi yatsunsa, sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana dafa tebur.

"Gyaran ya yi kyau fiye da kima," ya ce. "Kawo in ɓata ta kaɗan."

Ta rufe baki da gefen mayafinta. Daga wannan rana ta sa masa suna Sifili, shi kuma yana kiranta Kyaftin.

Ni dai tun asali ba na son wannan wasa. Maƙwabcin mahaifinta ne ni, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci shekara talatin. A zamaninmu dara muke yi a ƙasa, kana kallon idon abokin karawarka. Yanzu sai ka ga ƙato da gemu ya zauna yana yi wa gilashi ihu. Haka nake gani a lokacin, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Soumaya ɗinki take koyo a unguwar Agbalépédo. In ta taso takan biya ta shagon tare da ƙawarta, ƙofa a buɗe, masu jiran gyara suna zaune a benci suna kallo. Wasa ɗaya, ta cinye shi, ta tafi gida kafin magariba. Wata biyar ana haka bai taɓa zura mata ko ɗaya ba. Sauran zancen a waya suke yi.

"Kyaftin, kin isa gida lafiya?"

"Lafiya lau, Sifilina. Ka shafa wa yatsunka man zafi."

"Ba yatsu ba ne matsalar. In kina gefena ba na ganin ƙwallon."

"To gobe in zauna a bayanka."

"A'a! Gara a yi ta ci na."

Malam Salahu, mahaifin Soumaya, malamin allo ne, kuma shi ke jan salla in liman ba ya nan. Ya san da zancen Tawfiq, domin matarsa Mero ta sanar da shi, ya kuma bincika ya ji yaron ba ya wasa da salla. Ya ce a bari Sallah ta wuce, manyansa su zo.

Sai aka yi rashin sa'a wata safiya Soumaya ta bar wayarta a zaure tana caji. Saƙo ya shigo, fuskar wayar ta yi haske a kusa da gwiwar Malam. Shi da girmansa ya koyi baƙaƙen boko, ɗaya-ɗaya yake haɗa su. Ya sa tabarau ya karanta.

"Kyaftin, jiya ma kin kunyata ni a gaban mutane, shida ba ko ɗaya. Haƙurina ya ƙare. Ki shirya, bayan Sallah za ki sami mari, wanda zai zauna miki har tsufa."

Yaranmu na nan Lome ba sa iya jimla uku ba su tsoma Faransanci ba. A Faransanci mari shi ne miji. Aure yaron yake nufi. Amma Malam Salahu Hausa da Larabci ya sani, da 'yar Mina ta cefane, yaren 'yan gari.

Ya ajiye wayar da ɓacin rai. Yana da dalili. Ƙanwarsa Ummulkulsum, shi ya ba da aurenta da bakinsa, ga mutumin da kowa ke yabo. Mari ɗaya mijin ya yi mata a kan abin da bai kai ya kawo ba, kunnenta na hagu bai ƙara ji ba har ta koma ga Allah. Tun daga ranar ya yi alkawari ba zai ba mai saurin hannu 'yarsa ba.

Yana cikin wannan hali Munir ya yi sallama. Abokin Hashim ne, yana aiki a tashar jirgin ruwa, ya daɗe yana son Soumaya ba ta ba shi fuska ba. Faransanci kuwa a bakinsa kamar ruwa.

"Zo nan, ɗana," in ji Malam. "Idona ya tsufa. Wannan kalma me aka rubuta?"

Munir ya karanta saƙon sau biyu. Ya fahimta sarai.

"Mari aka rubuta, Malam."

"Mari?"

"Haka yake a rubuce." Ya sunkuyar da kai.

Da azahar Malam ya kira Soumaya ya ce daga yau babu ita babu shagon nan, zancen Tawfiq kuma ya mutu.

"Baba, me ya yi?"

"Na gama magana."

Bai faɗi dalili ba, don yana jin nauyin a ce malami guda ya karanta wayar 'yarsa. Ita kuma tarbiyya ba ta bar ta ta sake tambaya ba. Ta shiga ɗaki ta naɗe na'urar da zane ta tura ƙarƙashin gado, ta rubuta saƙo ɗaya.

"Baba ya hana. Ban san dalili ba. Kada ka kira ni, ba na son in saɓa masa. Ka yafe mini, Sifilina."

Amsa ta zo nan take.

"Ki bi maganar Baba. Wata biyar kina ci na ban tashi daga benci ba, yanzu ma ba zan tashi ba. Ina nan."

Mako uku gidan ba daɗi. Soumaya ta rame, ɗinkinta ya riƙa karkacewa. Munir kuwa ya yawaita gaisuwa, yau lemo, gobe abarba. Na ga Tawfiq a masallaci yana gaishe da Malam har ƙasa, Malam yana amsawa da ka kawai.

Mero ce ta gaji. Ita 'yar kasuwa ce, shekara ashirin tana sayar da atamfa a kasuwar Asigame, ba ta tsoron ciniki mai wuya. Ta kai masa koko da safe, ta zauna ta ƙi tashi.

"Malam, yarinyar nan tana ƙarewa a gabanmu. Ko laifin kisa ne a gaya mini."

Sai ya karanto mata saƙon da ka, don ya haddace shi kamar aya.

Mero ta ajiye ludayi. Ta dube shi. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Dariya na ba ki?"

"Yi haƙuri, Malam. Ranar da na haifi Soumaya a asibiti, da ungozoma ta leƙo tana cewa ina mari ɗin Madam Mero, wa ya miƙe tsaye?"

"Ni ne. Sunanki na ji."

"To ai kai ne marina! Shekara talatin da ɗaya ke nan ina fama da kai. Miji ake nufi, Malam, miji!"

Malam Salahu ya cire hula ya mayar.

"Na tambayi Munir," ya ce a hankali.

"Munir da ke mafarki ma da Faransanci?"

Wani zai ce magana ta ƙare a nan. Ba ku san Malam Salahu ba. Ya ce kalma ta wanku, amma shi ba kalma ce ta kurmantar da ƙanwarsa ba, hannu ne, kuma hannun yake so ya gani. Bayan la'asar ya ce wa Soumaya ta ɗauko abin wasanta. Ya leƙo gidana ya ce in raka shi in zama shaida. Muka taka har shagon.

Tawfiq na ganinmu ya miƙe, sukurdireba ta faɗi daga hannunsa.

"Zauna," in ji Malam. "Kunna abin. Ku yi yadda kuka saba. Ke kuma in kika raga masa zan gane."

Yadda zai gane ban sani ba, amma ba wanda ya tambaya. Shagon cike yake, har masu zemijan biyu, wato 'yan acaɓa, sun ajiye baburansu sun leƙo. Malam bai kalli talabijin ba ko sau ɗaya. Hannun yaron da fuskarsa yake kallo.

Ta zura ɗaya. Ta zura biyu. A na biyar wani mai zemijan ya ce, "Kai, Tawfiq, sayar da shagon ka koma tallan ƙosai!" Aka yi ta dariya. A na bakwai alƙalin cikin talabijin ya busa.

Tawfiq ya sauke numfashi. Ya ajiye manet ɗinsa a hankali, ya goge zufa, ya yi murmushi.

"Baba, ka gani da idonka. Kullum haka take yi mini. Ina neman a ba ni ita ko na sami mai koya mini a gida."

Malam bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya karɓi manet ɗin Soumaya, babban yatsansa ya bi ta kan layin gam.

"Wannan tsagar fa?"

Soumaya ta dubi ƙasa. "Munir ne, Baba. Ranar da ya zo yi wa Yaya Hashim rakiya. Biyu da ɗaya kawai na ci shi, ya maka ta da bango."

"Wa ya liƙe?"

Ta nuna Tawfiq da ido.

Malam ya juya abin a hannunsa, ya sake juyawa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na san ba Soumaya yake tunawa ba.

"Ka gaya wa baffanninka ina jiransu ranar Juma'a," ya ce.

Muka kama hanyar gida. Ni da na ce wasan banza ne, ga shi a cikin minti goma ya nuna mana abin da binciken wata guda bai nuna ba. Har yau ban ce ina son sa ba. Amma na daina tsaki in na wuce shagon.

Mako biyu bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Hashim ya zo daga Kotono, Munir ya aiko cewa aiki ya riƙe shi. Da aka shafa fatiha Malam Salahu ya kama hannun ango na dama ya riƙe da hannu biyu, a gaban jama'a.

"Ka yi mata alkawarin mari, na ba ka izini. Na Faransanci. Na Hausa kuwa, ko a cikin wasa kada in ji."

"In sha Allahu, Baba, ba za ka ji ba."

Ana cikin rabon goro wayar ango ta yi ƙara. Ya duba, ya yi dariya, ya nuna mini.

"Barka, marina. Na sa manet biyu a cikin kayan ɗaki. Kada ka ɗauka aure zai sa in raga maka."

Na ga amsar da ya rubuta.

"Ki yi ta ci, Kyaftin. Ɗaya nake nema tun farko, kuma yau na samu."

Allah Ya sanya albarka a gidansu, Ya ba su 'ya'ya masu jin magana, Ya sa hannun da aka damƙa wa amana ya tsufa yana gyara. Amin.