Sarewar Mai Karkataccen Yatsa

Wayyo, 'ya'yana! Da kun ga yarinyar nan durƙushe a bakin famfo, hannu cikin kumfa, hawaye na ɗiga cikin wankin mutane, da kun kasa cin abinci ranar. Shiru ake ce mata, don tun rasuwar iyayenta magana ta yi mata nauyi, kuma a gidan kawunta take zaune. Abu ɗaya ke sa ta murmushi: wani tsoho makaho da ke koya wa yaran unguwa busa kyauta bayan an tashi makaranta, a tsohon shagon ɗinki. Shi ke fafe wa kowane yaro sarewarsa, sai ya shafa yatsunsa tukuna ya huda ramuka daidai da su. Dokarsa ɗaya ce, wanda ya wulaƙanta tasa ya bar wa wani kujera.

To, ana gab da ranar da iyaye za su zo sauraro, 'yar kawun, wadda ita ma ke koyon busar, ta manta tata a bakin murhu, ta ƙone. Matar kawu ta fizge ta Shiru ta ba 'yarta, ta ja marainiyar har shago, ta dangwara wa tsoho guntun gawayi a hannu.

"Ga aikin 'yar lelenka nan, Baba!"

"Haka ne, jikata?"

Shiru ta buɗe baki... matar ta murɗe mata kunne. Aka ba wani kujerarta. Ta koma wanki, tana motsa yatsu a jikin sandar tsintsiya tana cewa, "Ya Allah, kai ka gani..."

Ranar taro aka aiko ta da takalman 'yar kawu, ta raɓe a ƙofa. Aka zo busa ɗaya-ɗaya, 'yar kawu ta sa baki, sai ƙiii! kamar an taka ɗan tsako. Tsoho ya ce, "Miƙo nan." Ya bi ramukan da yatsa, ya tsaya a na ƙarshe.

"Wannan ramin a gefe na huda shi, saboda yarinyar da ƙaramin yatsanta ya karkace. Ina Shiru?"

Aka turo ta gaba, ya miƙa mata sarewar. Yatsan nan ya faɗa ramin cif! Ta busa... Allah mai iko! Ɗakin ya yi tsit, mai gyaran keke na waje ya ajiye guduma, tsofaffi suna share ido da gefen mayafi. Ni kaina ina wurin, tsikar jikina har yau tashi take.

Kawu ya juya ga matarsa. "'Yar ƙanwata kika yi wa haka? Haɗa kayanki, ki je gida sai na neme ki!" Ta fita kai a ƙasa, ba wanda ya matsa mata hanya da daɗin rai.

Tsoho ya ce, "Yafe mini, jikata."

Shiru ta kama hannunsa, ta ce da ƙarfi kowa na ji, "Baba, in sake busawa?"