Motar Guguwa

Da la'asar wata nas ta shigo caji ofis da kayan aikinta a jiki, ta ce an sace motar mijinta.

"Ina mijin?" in ji Sufeto.

"Ya rasu, yallaɓai. Guguwa ake ce masa. Tun ranar take rufe da tamfol. Ba sayarwa zan yi ba, kallonta kawai nake in na dawo aiki."

Washegari aka tsinci motar a bakin titi bayan gari, injin ya fashe, baƙin mai ya malale a kwalta. Mai turbo ce, irin mai cusa wa inji iska don ya ƙara gudu. Agogon iskar yana da jan tsinke da ke tsayawa inda allura ta kai ƙarshe. Yana kan biyu.

Sufeto ya zaga ya daddanna tayoyin. Motar da ta daɗe a ajiye, amma duk huɗun tam, ɗaya ma da sabon faci.

"Ɓarawon nan ɗan albarka ne," in ji Kofur. "Har da gyara."

Suka nufi garejin bakaniken marigayin. Mutumin nan fa Guguwa ne ya saya masa akwatin sifanarsa na farko, amma ta'aziyya sau ɗaya ya leƙo, a tsaye ma.

"Rabona da motar tun yana raye, wallahi," in ji bakanike.

"Agogon sabo ne fil. Matacce ne ya ɗaura?"

Bakanike ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa. Ashe ya ce wa nas zai duba batir, ya kwance agogon asali mai kyau ya maƙala wani. Na asalin da PSI yake lissafin iska, irin ma'aunin da ake auna taya da shi, wannan kuwa da wani ma'auni da ake kira bar.

"Meye bambancin?"

"Bar ɗaya PSI sha huɗu da rabi ne, yallaɓai. Ita motar PSI sha biyar take so, ka ga bar ɗaya da ɗan kai ke nan."

"Biyu fa?"

"Ashirin da tara! Ai ko jaki aka yi wa wannan lodin sai ya durƙushe. Wani ya murɗa makunnin iskar har ƙarshe. Ba ni ba ne, ni na san agogon da na sa."

Sufeto ya bar Kofur ya rubuta shi, nasa laifin daban. A hanya yana ta tunani: wa zai ga biyu ya ce ta yi kaɗan? Sai wanda idonsa ya saba da talatin, irin iskar da ake ba taya.

Mahaifin Guguwa mai faci ne, rumfarsa na ƙarshen layin gidan marigayin. Nas ta bi su, tana cewa ɓata lokaci suke. Suka tarar da tsohon zaune kan taya, tiyo a cinya, ba kowa.

"Baba, kana tuƙi?"

"Ina ni ina tuƙi, ɗan nan? Ido ya tafi."

"Iska nawa motar ɗanka take sha?"

"Sha biyar," ya faɗa tun Sufeto bai rufe baki ba.

"Ka ga allura ta tsaya kan ɗaya, ka ce ba ta ƙoshi ba."

Tsoho ya ajiye tiyon. "Na ɗauka zama ne ya kashe mata jiki. Na yi ta murɗawa." Ya kalli surukarsa, ya sunkuyar da kai. "In ya karyo kwanar can, wani fito take yi, siriri. Ina jin sa na san yaron ya dawo, sai in tashi in kaɗe riga. Shi kaɗai na so in ƙara ji. Na san in na roƙe ki za ki ba ni, 'yar nan, amma za ki yi kuka. Sai na ɗau makulli."

"Na janye, yallaɓai," in ji nas. "Ba ni da ƙara."

"Sai a ofis, Malama. An riga an rubuta. Tashi, Baba."

Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya harare shi, ya mayar aljihu. Tsoho ya kashe injin iskarsa, ya bi su a hankali.

Har ya sa ƙafa a motar 'yan sanda, nas ta riƙo bakin rigarsa.

"Baba… ta yi fiton?"

"Ta yi, 'yar nan. Sau ɗaya."

"Da ka tafi da ni," ta ce.