Igiyar Bhubesi

Da ƙarfe huɗu na yamma Nolitha ta waiga hagu da dama, ta sunkuya ta ɓalle igiyar wuyan Bhubesi. Karen bai yi taku goma ba ta ji usur.

"Sisi, 'yar'uwa, kin iya karatu kuwa?" Wani dogon saurayi ne cikin kakin masu kula da lambun shaƙatawa, yana nuna mata allo.

Ta san abin da ke allon kamar yunwar cikinta. Ba a sakin kare sai daga shida zuwa tara na safe. Takardar gargaɗi uku, an haramta wa kare shiga lambun ke nan har abada.

"Na iya, Bhuti, ɗan'uwa. Shi ne bai yi makaranta ba."

Ya danne dariya ya rubuta takarda ta farko. A ƙasa ta ga sunansa, Siviwe.

Abin da Siviwe bai sani ba, daga shida zuwa tara Nolitha na yi wa mahaifinta wanka ne, ta ba shi kunun masara cokali-cokali. Shekara uku ke nan da mahaifin, wanda take kira Tata, ya sami shanyewar ɓarin jiki, wata biyu bayan rasuwar matarsa. Gidansu na birnin Gqeberha a Afirka ta Kudu duk taga da ƙarfe, katanga da wayar lantarki, makullin ƙofar waje kuma rataye a wuyan Tata. Awa ɗaya tak take fita a rana, ita ma don Bhubesi ne. In aka kori karen, ita aka kulle.

Da ta isa gida saƙo ya shigo, don Siviwe ya kwafi lambar wayarta a takardar: "Mai laifina, gobe ki zo da igiyar. Na gano dabara."

Dabarar kuwa ita ce, ya karɓi igiya, ya naɗe ta a hannu, ya kwasa da gudu. Sau uku suka zaga lambun, kare a gaba, ma'aikacin hukuma a baya da ƙaton takalmin aiki. Ya dawo yana haki kamar tsohuwar mota.

"Doka ta ce a riƙe igiya," in ji shi. "Ba ta ce kada a yi gudu ba."

Nolitha ta yi dariya har da hawaye, ta kuma tsorata, don ta manta rabonta da irinta. Wata shida suka yi a haka. Yana ce mata mai laifina, tana ce masa ɗan usur ɗina, kuma kullum biyar na bugawa sai ta karɓi igiyar ta koma gida.

Da ta gaya wa Tata tana son Siviwe, sai ya kau da kai. "Mai bin karnuka da usur? Ga Lwandile nan katanga ɗaya da mu, ga mota, ga ladabi."

Ladabin Lwandile bai dami Tata ba, katangar ce ta burge shi. Tsoro yake ji kada 'yarsa ta yi nisa, Nolitha kuma ta san haka, shi ya sa ta kasa yi masa musu.

Wata rana maɓallin igiyar ya karye, Bhubesi ya bi wani zabo. Minti biyu aka kamo shi, amma Lwandile ya riga ya ɗauki hoto ya tura wa hukumar lambun. Washegari takarda ta biyu ta iso gida da sa hannun Siviwe.

Ta rubuta masa: "Da hannunka? Saura ɗaya ka rufe ni. Na gode."

Mako biyu ba ta fita ba. Bhubesi ya kwanta a bakin ƙofa ya ƙi abinci, ita kuma tana kallon titi ta tsakanin ƙarafa. Sai a rana ta goma sha biyar ta buɗe amsarsa: "Shugabana ya so a kori Bhubesi nan take. Na roƙe shi ya bari ta zama ta biyu, ya ce sai in ni zan sa hannu. Gara ki yi fushi da ni da ki rasa awarki. Ran Asabar ta uku daga yau kawunnaina za su zo ƙofarku neman aurenki, masoyiyata."

Ran Asabar da safe dattawa uku suka tsaya a waje da huluna a hannu, suna kiran sunayen kakannin gidan. "Mpinga! Mawawa! Mun zo neman zumunci!" Kowa ya san akan bar masu neman aure su ɗan sha rana, amma Tata ya bar su har tsakar rana. Ya ma sa aka saki Bhubesi a tsakar gida. "Nan gidana ne," in ji shi, "babu allo."

Karen ya yi ta haushi, sai kuma ya yi tsit, ya ɗaga hanci. Can ƙarshen layi Siviwe na zaune cikin mota, don ango ba ya shiga wannan zama. Bhubesi ya ruga ɗaki, ya fito da igiyarsa a baki, ya tsaya jikin ƙofa yana kuka ƙasa-ƙasa.

"Me ya same shi?" Tata ya tambaya daga kan kekensa na marasa lafiya.

"Siviwe ya jiyo, Tata. Wata shida yana gudu da shi a ɗaure, tunda ba na samun fita da safe."

Tsohon ya daɗe yana kallon karen, sannan ya kalli 'yarsa. "Ke fa, yaushe rabonki da ganin titi da safe?"

"Shekara uku."

Da hannunsa mai lafiya ya zare makullin daga wuyansa, ya miƙa mata.

An ɗaura aure cikin watan Disamba, Siviwe kuma ya koyi yi wa surukinsa wanka, hannu huɗu sun fi biyu sauri. Litinin ta farko bayan biki, ƙarfe bakwai saura suna cikin lambun, ango na tura keke, amarya na riƙe da igiya.

"Kawo shi nan," in ji Tata.

Da kansa ya ɓalle maɓallin, Bhubesi ya cilla cikin raɓa.

"Ku ma ku bi shi, 'ya'yana. Allah ya yi muku albarka, ya buɗa muku kowace ƙofa. Ni ina nan, ba inda za ni."

Nolitha ta cire takalmanta ta ajiye masa a cinya, ta kama hannun mijinta suka ruga.