Gyaran Muryar Baba Alfari

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnuwanmu na gare ki.

To ku matso kusa. Wannan ba ta gizo ba ce, ta mutane ce, kuma a nan Gaya aka yi ta.

"Fice mini daga nan, Halidu! Na ce ka fice!"

Muryar Mansur ce ta cika ɗakin, har ƴan kabu-kabun da ke bakin hanya suka waiwayo. Ƙanwarsa Nuriya na zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta.

"Yaya, don Allah ka saurare ni..."

"Ke yi mini shiru!"

"Ni ce na jefa kart ɗin hoton Baba inda bai kamata ba. Ni ce, Yaya!"

"Ke an kira ki an ce ubanki ya faɗi, kin ruɗe, kin fita ko takalmi babu. Shi fa? Tun ranar da ya fara aiki nan na gaya masa, ba a goge kart sai an buɗe an duba!"

Halidu na tsaye, kansa a ƙasa. "Gaskiya ne, Yaya Mansur. Ban duba ba."

"Kada ka ƙara kirana Yaya! Maganarka da Nuriya kuwa, ka sa a ranka ba a taɓa yin ta ba. Ba zan ba da ƙanwata ga wanda ya shafe mini fuskar ubana ba!"

Halidu ya ɗauki jakarsa, ya dubi Nuriya sau ɗaya, ya fita.

Bari in koma da ku baya kaɗan, ku san mafarin.

Mansur yana da wurin haɗa bidiyo kusa da kasuwa. Aikinsu su ɗauki biki ko suna, su yi wa ƴan kasuwa talla, wani lokaci kuma a ba su labarin gaske su mai da shi fim. Kada ku ɗauka mutum ɗaya ke yin duka, a'a. Safiya ce mai shiri, ita ke neman izini, ta tanadi mota ko jirgin ruwa, ta san abin da kowa zai ci. Mansur ne mai ba da umarni, shi ke cewa a tsaya nan, a fara, a yanke. Jibo ke riƙe kamera. Halidu shi ne mai sauti, kullum da doguwar sanda mai mikro a kai da abin ji a kunne, kamar mai kamun tsuntsu. In an gama, komai sai ya zo hannun Nuriya, mai montaj. Ita ke yankawa ta haɗa, kamar tela da ƙyalle, har abin ya zama labari.

A wurin haɗa murya da hoto ne kujerar Halidu ta saba zama kusa da tata. Tun suna gardama kan aiki, har ya zama in bai zo ba shayi ba ya yi mata daɗi.

"Kin yanke mini kukan zakaran nan?" zai ce.

"Zakaranka ya fi ango surutu."

"Ke dai ba ki da tausayi, rabin raina."

Mahaifin Mansur da Nuriya, Baba Alfari, masunci ne, mutumin Tounouga, a bakin kogi ya tsufa. Da dangin Halidu suka je gaisuwa ya karɓe su hannu bibbiyu, saura kawai a sa rana. Sai dai tsohon nan ba ya son hoto ko kaɗan. Wanda ke jikin katin shaidarsa ma ruwa ya cinye shi tuntuni. Da ƙungiyar masunta ta ba su Mansur aikin fim a kan kogi, Nuriya ta yi ta lallashinsa.

"Baba, sau ɗaya tak."

"Ke kuwa, me za a kalla a fuskar nan?"

"Ni zan kalla."

Ya yi dariya, ya yarda.

Ranar suka shiga jirgin ruwa da la'asar. Baba ya yi ta magana, Hausa yana haɗawa da Dandanci, a kan ruwan da ya sani da kifin da ya daina zuwa. Da aka gama, Halidu ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba.

"Kowa ya yi shiru, don Allah. Zan ɗauki muryar wurin."

"Af! Shiru ma ɗaukarsa ake yi?" in ji Baba.

"Ana yi, Baba. Kowane wuri da irin shirunsa."

"Rana tana faɗuwa, kai kana ɗaukar iska," in ji Mansur yana tsaki.

Aka dai yi shirun.

To, suna da wata al'ada a wurin aikin. Kart, ɗan abin nan kamar farce da hoto ke shiga cikinsa, in Nuriya ta kwashe abin da ke ciki sai ta jefa shi cikin wani gwangwanin tumatir. Duk wanda ke cikin gwangwani, an gama da shi ke nan, a goge a sake aiki. Washegari ta ɗauko kart ɗin Baba za ta kwashe, sai waya ta shigo: Baba ya faɗi a bakin ruwa, an wuce da shi lopital, wato asibiti. Hannunta ya yi abin da ya saba. Ta jefa shi cikin gwangwani ta fita da gudu.

Suna can kan marar lafiya, ga bikin da aka yi alkawarin ɗauka a Malanville. Jibo da Halidu suka tsaya a madadin kowa. Jibo ya ce kart ya ƙare masa. Halidu ya sa hannu cikin gwangwani, ya goge, ya miƙa masa. Aka ɗauki amarya da makaɗa a kan fuskar Baba Alfari.

Baba bai tashi ba. Sai bayan an share makoki, da Mansur ya ce a buɗe masa hoton ubansa, sannan abin ya fito. Kun ji mafarin ihun nan.

Baffanninsu na Tounouga suka ce maganar auren tana hannun Mansur, shi ne babba. Mansur kuwa ya rufe bakinsa ruf. Mahaifiyarsu Inna Zeinabu tana cikin takaba, kullum in Nuriya ta shigo sai ta tambaya.

"Yaushe zan ga abin nan da kuka ɗauka?"

"Ana kan aiki, Inna..."

Nuriya ta rame. Ta rasa uba, ta rasa Halidu, ga kuma amsar da take ba uwarta ba ta barin ta ta ci abinci.

Wata safiya tana sayen kifi a bakin kogi, sai ta ji an yi mata sallama a hankali. Halidu ne. Ya yi baƙi, rigarsa ta yi masa yawa.

"Nuriya..."

"Kada a gan mu, Halidu. Yaya zai..."

"Ba zan daɗe ba. Karɓi wannan." Ya miƙa mata ɗan makullin ajiya, irin wanda ake sokawa a ordinatar. "Hoto ya tafi, ba zan iya dawo da shi ba. Amma sauti ba ya shiga kamera, a na'urata nake ɗauka. Duk abin da Baba ya faɗa yana nan."

Ta riƙe abin da hannu biyu. "Me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?"

"Wa zai saurare ni ranar? Kuma kunya nake ji in zo da murya a wurin da na ɓatar da mutum."

"Mu biyu muka ɓatar da shi."

"A'a. Ke kuka ya rufe miki ido. Ni idona biyu." Ya juya. "Ko ba a ba ni ke ba, ki sa Inna ta ji shi."

"Halidu! Kana cin abinci kuwa?"

Ya ɗan yi murmushi. "Ke fa?"

Ta jefa makullin cikin jakarta, ta juya gida.

Ta roƙi Jibo ya koma kogi da kamera. Ya ɗauko mata jirgin Baba a ɗaure, komarsa a shanye, ruwa yana wucewa ƙarƙashin gada. Ta zauna ta ɗora muryar a kan waɗannan. Kuma ta yi aikin yadda aka koya mata, har ta wuce. Duk inda Baba ya yi tari ta yanke. Inda ya ja numfashi ta yanke. Inda ya tsaya yana neman kalma, ta matse wurin. So take ubanta ya fito tsaf, ba inda wani zai ce ga aibu.

Mansur ya zauna ya kalla har ƙarshe. Can ya ce, "Aiki ya yi kyau. Amma wannan bai canza komai ba."

Da Inna ta fita takaba, suka gaya mata gaskiya. Ta ce a nuna mata abin da ya rage. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, Nuriya ta ajiye ordinatar, ta kunna.

Murya ta fito. Inna ta karkata kai tana ji. Ba a yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wane ne wannan?"

"Baba ne, Inna!"

"A'a. Muryar ta yi kama da tasa, amma wannan mutumin ba ya numfashi. Magana yake zubawa kamar mai karanta labarai a rediyo. Malam bai taɓa yin magana haka ba. Ina tarinsa? Ina gyaran muryarsa?"

Nuriya ta ce, "Na... na cire su, Inna. Haka ake yi. Ana gyarawa ne."

"Kin gyara shi har ya tafi."

Hawaye ya ɓalle wa Nuriya. Mansur ya sunkuyar da kai. Sai ta tuna makullin nan yana cikin jakarta. Ta soka shi, ta buɗe abin yadda Halidu ya ɗauke shi, ba gyara. Garin sauri ta taɓa abin da ya ɗauka na ƙarshe.

Aka ji Baba yana cewa, "Af! Shiru ma ɗaukarsa ake yi?" Aka ji tsakin Mansur. Sannan shiru.

Amma ba shirun banza ba. Ruwa yana bugun cikin jirgi, ɗas, ɗas. Can nesa wata mota tana hawa gada. Kusa kuwa, kusa ƙwarai, numfashin tsoho ne yana shiga yana fita, da ƙarar carbi tsakanin yatsu. Sai ga shi ya yi gyaran murya, gajere, sannan mai ɗan tsawo.

Inna ta zabura, ta ja mayafinta ta rufe kai, har ta yunƙura za ta tashi ɗebo ruwa. Sai ta tuna. Ta koma ta zauna, ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza.

"Shi ne... Wallahi shi ne. Haka yake yi a bakin zaure in ya dawo daga ruwa, don in san ya iso."

Da ta share ido ta ce, "Wa ya ɗauki wannan shirun?"

Nuriya ta dubi yayanta. Mansur ya ce, "Halidu ne, Inna."

"A kira mini shi."

"Inna, shi ne fa ya..."

"Na ji abin da ya yi. Na ce a kira shi."

Halidu ya zo, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarma.

"Inna, ki gafarce ni. Na ɓatar miki da..."

"Ɗana, saurara. Mu a zamaninmu mace ba ta ɗaga ido ta zuba wa mijinta, ba ta kuma kiran sunansa. Tun ina yarinya aka kawo ni gidan nan, amma in ka ce in zana maka fuskarsa sai na yi tunani. Da kunne na zauna da shi. Ka ɓatar da abin da ban saba kallo ba, ka ajiye mini abin da na sani."

Mansur ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Ni fa, Inna? Ni fuskar nake so! Me zan nuna wa ƴaƴana?"

"Na sani, Mansur. Kai ka yi rashi, ba zan ce ba ka yi ba, kuma ba mai mayar maka." Ta dafa kansa. "Amma ka nuna musu taka. Goshin nan nasa ne, hancin nasa ne, har taurin kan ma nasa ne. Ubanku ya karɓi yaron nan da bakinsa. Ka riga ka rasa fuskarsa, kada ka shafe maganarsa kuma da hannunka."

Mansur ya goge idonsa. Sannan ya miƙe, ya je inda Halidu yake durƙushe.

"Tashi."

"Yaya Mansur..."

"Ban manta ba, kuma ban san ranar da zan manta ba. Amma ka turo manyanka." Ya share hanci. "Gobe kuma akwai aiki. Wanda na ɗauka a madadinka, kazar maƙwabta ma ta fi mutane fitowa a sautinsa."

Nuriya ta yi dariya cikin kuka, ta ɓoye fuska a bayan uwarta.

Bayan damina aka ɗaura auren Nuriya da Halidu, suna nan zaune a unguwar bakin kogi, sun sami ɗa namiji an sa masa sunan kakansa. Mansur ya jefar da gwangwanin tumatir, yanzu ba a goge kart a wurinsa sai mutum biyu sun duba. Safiya da Jibo suna nan kan aikinsu. Nuriya ta sake haɗa fim ɗin da tarin da numfashin duka, haka masunta suka karɓe shi. Fuskar Baba Alfari ba ta dawo ba. Inna Zeinabu kuwa an sa mata shirun nan a wayarta, kuma har yau in la'asar ta yi takan kunna shi ta ajiye a bakin zaure.