Ciwon Auta da Zuwan Direba

"Ku rufe madubin nan! Akwai mutane a ciki, suna kirana!"

Auta ce, 'yar shekara sha huɗu, maƙure a bayan kujerar falo tana karkarwa. Karo na uku ke nan: kwana biyar tana sambatu, ba ci ba barci, sai kuma ta warware kamar ba ita ba.

Mama ta juyo kan babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Anti. "Yaushe Direban nan mai neman aurenki ya dawo?"

"Jiya, Mama."

"Wancan karon fa? Da na farko? Duk sati huɗu ya dawo daga tafiya, ya tako gidan nan, yarinya ta birkice! Ruwa ba ya tsami banza, wani abin yake binne mana. Kada in sake ganin ƙafarsa!"

Anti ta sha kuka har idonta ya kumbura. Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ma ta fara zarginsa. Alewar da ya kawo wa Auta ma a shara ta zuba. Da ta sanar da shi hukuncin Mama a waya, sai ya ce, "Ki bi maganar Mama, zan jira. Amma don Allah ku kai yarinyar nan asibiti."

Sati huɗu suka cika, Direba bai zo ba. Ciwo kuwa ya zo abinsa, ko sallama babu.

A satin ne Anti ta lura audugar matan da ke durowarta ta sake raguwa. Auta na warwarewa, Anti ta ritsa ta a ɗaki.

"Ke, kin fara al'ada ne?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Wata huɗu ke nan. Sori, Anti, kunya nake ji."

A asibiti, likita ta jera kwanakin al'adar da na ciwon a takarda, ta gyaɗa kai. "Ba kasafai ake samunsa ba, amma akwai shi. Ruɗewar tana biyo al'ada ne, kuma ana maganinta."

Mama da kanta ta kira Direba. "Ɗana, na ɗauki alhakinka."

"Haba Mama, ya wuce. Ya jikin Auta?"

Nan hawaye suka kece mata. Bayan wata biyu aka sa ranar aure, Auta na shan magani ta koma makaranta.

Zato zunubi ne, jama'a. Mama ta iya ƙirga zuwan baƙo daidai, amma ba ta taɓa zama ta tambayi 'yar cikinta abin da ke damunta ba.